A Nan Ana Ci?

Tun ranar da sakamakon Auta ya fito, babu wanda ya sake zama wuri ɗaya a gidanmu. Auta ƙanwata ce. Ta gama ƙaramar sakandare, kuma nas take son zama. Makarantun gwamnati biyu ne a unguwarmu da za ta iya shiga, ta bayan kasuwa da ta tsallaken babban titi, ga shi ranar Litinin za a rufe ɗaukar ɗalibai.

Inna ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗora tukunya ta sauke, sannan ta leƙo shagona da ke ƙofar gida.

"Tela, ka ji wani abu? Wacce ta fi?"

Ni ɗinki na sani, karatuna bai yi nisa ba. Abin da nake ji daga bakin masu kawo ɗinki ne, kowa kuwa makarantar ɗansa yake yabo. Wannan ya ce ta tsallake ta fi malamai, wancan ya ce tsohon suna kawai take ci. In kai wa Inna magana da safe, in warware ta da yamma. Har aljihu na ɗinka a juye saboda tunani.

Ana haka Kawu, ƙanin Inna, ya tsayar da tasinsa ya shigo shan ruwa. Da ya ji zancen sai ya ce, "Ku bar ni da su, Yaya. Mutumin da ke kallon fasinja ya san inda zai sauka, makaranta ce za ta gagare shi?"

Kafin azahar ya dawo yana kaɗa makulli.

"An gama. Ta bayan kasuwa. Tela, nemo yadinsu ka yanka. Wurin nan ana ci!"

Inna ta dafe ƙirji ta yi hamdala.

"Ana ci, babba da yaro," in ji Kawu. "Har malamai."

Auta na tsaye a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. Ta ce, "Kawu, malamai ma jarrabawa suke yi?"

"Ke dai haka aka ce min."

"Wa ka tambaya?"

"Wata dattijuwa a bakin get. Ta shekara da shekaru a wurin, babu yaron da ba ta sani ba."

"Mai ludayi da babbar kular nan?"

Kawu ya daina kaɗa makulli.

Na ce, "Kawu, me ka ce mata?"

"Cewa na yi, Baba, a nan ana ci kuwa? Ta ce ana ci mana ɗan nan, wani ma sau biyu."

Dariya ta kama ni har na taka keken ɗinki ba shiri, allura ta karye. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mai abinci ka tambaya, Sarkin bincike? Ka kusa kai min 'ya makaranta saboda shinkafa!"

"To ai yaron da ya ƙoshi shi ke gane karatu," in ji Kawu, ya nufi motarsa da sauri.

Washegari na rufe shago, ni da Auta muka tafi da ƙafarmu. A ta bayan kasuwa, mataimakin shugaba ya ce mafi yawan yaransu sun ci jarrabawar bara. Na ji daɗi, har na fara godiya. Auta ta taɓa hannuna.

"Malam, 'yan ajin kimiyya fa?"

Ya gyara zama, ya ce gaskiya malamin sinadarai ya yi ritaya, suna jiran a turo wani.

Muka tsallaka babban titi da ƙyar, motoci kamar an sako su. A can wata malama ta ce in jimilla muke nema, ta bayan kasuwa ta fi su. Amma 'yan kimiyyarsu kusan duk sun ci. Ta nuna mana ɗakin gwaji, da fasasshiyar tagarsa da komai. Auta ta tsaya tana kallon kwalaben nan, sai da na kira ta sau biyu.

A gida Inna ta saurare mu har ƙarshe, tana ninke tsumma ɗaya tana warwarewa.

"Na ji," ta ce. "Amma titin nan fa? Kullum sai an kaɗe wani. Ni zan zauna kowace safiya zuciyata a hannu?"

Auta ta sunkuyar da kai. Na san idan Inna ta ce a'a, ba za ta yi musu ba.

Na ce, "Inna, ni zan riƙa tsallakar da ita. Da safe babu mai kawo ɗinki."

"Da dawowa fa?"

"Sai in rufe, in je in ɗauko ta."

Inna ta dube ni. Can ta ajiye tsumman.

"Ka riƙe mata hannu," ta ce, "ko ta ce ta girma."