Babu Kwas Ɗin Kwastam

Tun mako uku da suka wuce Sahabi ya san babu wani kwas da ake kira kwastam. Bashar mai cibiyar rajista ne ya gaya masa, ya kuma juyo masa fuskar kwamfuta ya duba da idonsa, jami'a bayan jami'a. Babu. Ya koma gida ya ci tuwo ya yi shiru. Wannan shirun shi ne laifinsa, kuma ba ƙaramin laifi ba ne.

Mahaifinsa, Alhaji Dabo, ɗan kasuwar albasa da wake ne a Illela. Shekara talatin yana tsayawa a bakin iyaka da takardu a hannu, motar kayansa a baya, yana jiran wani saurayi mai kaki ya sa hannu kafin ya wuce Ƙonni. Bai yi boko ba. A ganinsa, yadda mai son zama likita ke karatun likita, haka mai son zama jami'in kwastam ke karatun kwastam. Da Sahabi ya gama sakandare, Alhaji ya yanke magana: ko ya karanta kwastam, ko ya bi baffansa ya zauna a shagonsu na Ƙonni. Ba zai ciyar da yaro shekara huɗu a Sakkwato don ya dawo yana yawo da takarda a leda ba.

Sahabi ba ya son shago. Abin da yake so kuwa, bai sani ba. Ya yi ajin kimiyya ne don abokansa suna can. Wata rana ya ji yana sha'awar likitanci, washegari ya tuna ba ya iya kallon jini. Abu ɗaya ya tabbata: yana son ya ci gaba da karatu, ko zai gano hanyarsa a can.

Bashar ne ya kawo dabarar. Aikinsa ke nan da ma, zaɓar wa yara kwas kamar mai raba takalma a ƙofar masallaci, wanda ya zo hannu a miƙa. Ya ce zai sa masa ilimin tsirrai, don masu nemansa kaɗan ne, gurbi ba zai yi wuya ba. Sunan a Turanci yake, Alhaji ba zai iya karantawa ba. Sai a ce masa shi ne kwastam ɗin.

"Ai ba ƙarya ba ce ƙwarai," in ji Bashar. "In ka gama, ka nemi aikin kwastam kamar kowa. Kowane kwas suna ɗauka."

Ƙarya ce ƙwarai. Sahabi ya sani, shi ya sa ya yi ta ɗage zuwa har ranar Asabar, ranar ƙarshe ta rajistar jarrabawar shiga jami'a. Bashar ya ce ƙarfe huɗu zai rufe. Gobe Lahadi kasuwar Illela take ci, kuma da yamma motar baffansa za ta koma Ƙonni, da shi ko babu shi.

Yana sa takalmi bayan azahar sai Alhaji ya fito da hularsa.

"Mu tai. Ina son in ga abin da idona."

Cibiyar ɗaki ɗaya ce a bayan tasha. Janareta na ƙara a waje, fanka ɗaya na juya zafi a ciki. Yara sun cika benci biyu, kowa riƙe da takardunsa. Da suka ga Alhaji suka matsa, ya ƙi zama. Ya tsaya a bayan layi, hannaye a baya, har aka zo kansu. Ƙarfe uku da ashirin.

Bashar ya miƙe ya gaishe shi da hannu biyu, ya jawo masa kujerar roba. Ya ɗauki hoton Sahabi, ya buga sunansa da lambarsa, yatsunsa na gudu. Sahabi yana tsaye, rigarsa ta manne a bayansa.

"To, ina shi?" Alhaji ya tambaya.

Bashar ya nuna wani layi a fuskar kwamfutar. Alhaji ya sunkuya, ya ɗora yatsa a kan rubutun, ya bi shi daga dama zuwa hagu yadda ya saba bin allo.

"Wanga ne kwastam?"

"Shi ne, Alhaji."

"Gajarta gare shi."

"Haka Turawa suke, Alhaji, ba su ɓata tawada."

Wasu yara suka yi dariya. Alhaji ma ya murmusa, ya dubi ɗansa. Ya daɗe bai yi wa Sahabi irin wannan kallon ba. Bashar ya turo ƙaramar na'urar da ake dangwala yatsa, fitilarta ja tana haske.

"Dangwala nan, Sahabi, shi ke nan."

Sahabi ya miƙa hannu. Alhaji ya riƙe masa tsintsiyar hannun.

"Ba a fara abu haka. Yi bisimilla da ƙarfi, in ji, in sa maka albarka."

Sahabi ya buɗe baki. Kalmar da yake faɗa sau ashirin a rana, kan abinci da kan hawa babur, ta ƙi fita. Yaron da aka yi wa tarbiyya yana iya yin shiru a kan ƙarya mako uku, amma ambaton sunan Allah a kanta wani abu ne dabam. Bashar yana ƙifta masa ido. Fitilar na'urar ta mutu, ta sake kamawa.

"Mi kake jira?"

"Baba, ba kwastam ba ne."

"Mi ka ce?"

"Ilimin tsirrai ne. Babu kwas ɗin kwastam, a ko'ina babu. Na sani tun mako uku."

Alhaji bai saki hannun ba. Ya juya ya kalli Bashar.

"Alhaji, bari in yi maka bayani, ai in ya gama..."

"Kai ɗan wa ne?"

Bashar ya faɗi sunan mahaifinsa.

"Na san shi. Tare muka yi sahun Juma'a jiya. Rufe mini baki."

Ya saki hannun Sahabi ya miƙe tsaye. Sahabi ya ga shagon Ƙonni a idonsa, buhunan shinkafa har rufi, shi a kan benci yana canjin sefa shekara da shekaru. Alhaji ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon titi. Babu wanda ya motsa. Wata yarinya mai hijabi ruwan toka, wadda ke biye da su a layi, ta dubi agogon bango ta sunkuyar da kai. Saura minti ashirin da biyar, kuma akwai mutum shida a bayanta.

Alhaji ya dawo. Bai zauna ba.

"To kai mi kake so ka karanta?"

"Ban sani ba, Baba."

"Shekara goma sha biyu kana zuwa makaranta, ba ka sani ba."

"Ban sani ba."

"Wannan dai gaskiya ce, ko da ta zo a makare." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Ni ban taɓa ɗora kaya a mota ba sai na san wanda zai saye su a can. Karanto mini abin da suke da shi, ɗaya-ɗaya, da Hausa. Kowanne ka gaya mini, wanda ya yi karatun, ina yake zuwa da safe. In ba ka sani ba, mu wuce. In suka ƙare ba mu samu ba, ka je ka haɗa kayanka."

Bashar ya buɗo jerin ba tare da ya ɗaga kai ba. Sahabi ya fara.

"Lissafi."

"Ina yake zuwa da safe?"

"Ban sani ba."

"Wuce."

"Ilimin sinadarai."

"Ina?"

"Kamfani... ina jin."

"Wane kamfani? Ka taɓa ganin mutum guda?"

"A'a."

"Wuce."

Haka suka bi ilimin ƙananan halittu, da na duwatsu, da ƙididdiga. Tsirran ma da Bashar ya zaɓa, Sahabi bai san inda mai su yake zuwa ba. Jerin yana ƙarewa, muryarsa tana raguwa. Wani yaro a baya ya yi tsaki, Alhaji ya waiwaya, tsakin ya mutu.

"Koyar da kimiyya."

"Ina?"

"Makaranta. Kamar malaminmu na sakandare."

"Ajiye wannan. Gaba."

"Kiwon kifi."

"Masuntan Kalmalo ba su jira jami'a ba. Wuce."

"Kiwo da lafiyar dabbobi."

"Ina?"

"Kara, kasuwar shanu. Ranar Lahadi akwai mai duba shanu kafin a loda su. Sauran kwanaki yana zagaya ruga yana allura. Na taɓa bin shi har Amarawa, na riƙe masa akwati."

"Wato ka je Sakkwato ka koyo abin da Jaɓɓo Bafulatani ya gada a ruga."

"Jaɓɓo da kansa yake zuwa neman mai allurar, Baba."

"Ajiye wannan ma," in ji Alhaji. Saura biyu a jerin, duka Sahabi bai san su ba. Agogo ya nuna saura minti tara.

"Biyu ke nan muka ajiye," in ji Alhaji. "Wanne gaba?"

Sahabi ya kalli layukan biyu. Ya so a ce zuciyarsa ta yi tsalle a kan ɗaya. Ba ta yi ba. Ya tuna warin kara da ƙudaje, ya tuna aji mai yara tamanin. Bai ƙi ko ɗaya ba, bai kuma mutu a kan ko ɗaya ba.

"Baba, ban tabbata ba."

"Ban tambaye ka tabbas ba. Wanne za ka iya tashi dominsa ran da ba ka so?"

"Dabbobin."

"Sa mishi shi gaba, malantar a baya," ya ce wa Bashar, bai kalle shi ba. "Kai kuma yi bisimilla."

Sahabi ya yi, a hankali. Ya dangwala yatsa, na'urar ta ƙi karɓa, zufa ta jiƙa shi. Ya goge a wando ya sake. Ta ƙi. A karo na uku ta yi kore. Injin buga takarda ya yi gurnani ya fitar da shaidar rajista, saura minti biyar. Bashar ya ce wa sauran kada kowa ya tafi, zai kai ƙarfe biyar.

Sahabi ya karɓi takardar da hannu biyu ya miƙa wa mahaifinsa.

"Bari in karanta maka, Baba."

Alhaji ya zare ta daga hannunsa. Ya juya wajen yarinyar mai hijabi ruwan toka.

"Ɗiyata, mi sunanki?"

"Mahbuba, Baba."

"Kin san wanga yaro?"

"A'a."

"Madalla. Karanta mini abin da ke nan, ki gaya mini da Hausa. Kada ki rage komai."

Mahbuba ta karɓa, ta ɗan kalli Sahabi, ta kawar da ido. Ta fara daga sama, da sunansa. Sahabi yana tsaye a gefe, hannunsa a sake, yana sauraron baƙuwa tana tabbatar wa mahaifinsa maganarsa layi bayan layi.