Jini a Idon Direba

Direban ya taka burki da ƙarfi har matarsa ta dafe gaban mota. Babu komai a titin. Wani jan abu ne ya malalo cikin idonsa na dama, kamar an ɗiga tawada a ruwa.

"Baban yara, lafiya?"

"Akuya na gani."

"Akuya a kan gada?"

Ya ci gaba da tuƙi. Asibiti za su, yau ce ranar ƙarin ruwanta. Tun da aka gano mata kansar hanji shi ke kai ta, shi ke riƙe mata roba idan amai ya taso. Ciwon sugansa kuwa ya jefar da shi bayan ƙofa.

Da suka isa ta kafe, ta rantse ba za a sa mata ruwa ba sai an duba shi.

Likitan ido ya daɗe yana haska shi kafin ya yi magana.

"Suga ya toshe ƙananan jijiyoyin jinin idonka, Malam. Da idon ya ji yunwa sai ya tsiro da sababbi, su kuma ba su da ƙwari, fashewa suke yi. Za mu yi maka allura a idon, ta hana su tsirowa."

Ya faɗi sunan maganin. Matar ta ɗago kai.

"Ai shi ake sa mini!"

"Shi ne. Ƙarin da ke cikinki ma jijiyoyi yake tsirarwa, don ya sha jini ya girma."

"Komai sai ka yi mini kishi," ta ce wa mijin.

"Tuƙi fa, likita?" in ji mijin.

"Ka ajiye shi."

Direban ya miƙe. "Wa zai kawo ta? Don Allah ka bari a gama nata tukuna. Ido ɗaya ya ishe ni."

"Na hagun ma ya fara."

Da yamma suka fito, shi da auduga a ido, ita da filasta a hannu. Ya tsaya jikin motar yana laluben ƙofa. Ta zare makullin daga yatsunsa, ta jefa a jaka.

"Mu je mu hau bas. Riƙe ni, jiri nake ji."

Ya kama hannunta. Tafiyarta daram take, babu alamar jiri. Ya ƙara riƙewa.