Kunnen Badaru

A Daura in aka ce Mai Kunne, Badaru makanike ake nufi. Tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, aka rufe gidan giyar da ke bayan tasha, ya samu filin ya kafa gareji, yake cika baki cewa shi ba ya kwance injin gas sai injin ya gaya masa ciwonsa. Zai ɗora tsinin sukundireba a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri, can ya ce, "Nozul ta uku ce." Sau da yawa yakan dace. Ranar da bai dace ba kuwa, laifin mai motar ne da ya cika shi da surutu.

Wata Alhamis saƙo ya zo daga garin Babban Mutum cewa Inna Shatu na kwance rai a hannun Allah, tana neman ƙanwarta Iya, mahaifiyar Badaru, tana neman shi ma. Shi ɗan fari ne, ko sunansa Iya ba ta faɗa, don haka Inna Shatu ce ta yaye shi, a ɗakinta ya yi wayo. Iya ta ɗaure ƙullin kayanta ta ce a raka ta tasha.

"Tasha?" in ji Badaru. "Uwar Mai Kunne a motar haya, a matse ki da buhunan gero? Haba Iya. Gobe da sassafe ni zan kai ki."

Ya wuni a ƙofar gida yana yi wa tsohuwar motarsa kwalliya. Ya sa sabuwar filtar iska, ya wanke jiki, ya wanke har injin da kananzir da ruwa, don mutanen ƙauye su leƙa su san ɗan Shatu ya zama wani abu.

Da safe ya murza makulli. Mota ta tashi, amma a silo, tana tsaye, sai kaɗawa take kamar mai masassara, baƙin hayaƙi na tuɗaɗowa daga salansa. Ya taka totur har ƙasa, ta ja jiki da ƙyar, ko Kusugu ba su kai ba ya juyo da Iya gida.

"Awa ɗaya, Iya. Ruwa ne a man. 'Yan bumburutun nan ba sa tsoron Allah."

Ya zazzage tanki kaf, babu ko ɗigon ruwa. Ya canza filtar mai, ya fitar da iska daga bututun, ya sake kunnawa. Tana nan yadda take. Ana cikin haka matarsa Kulu ta leƙo daga zaure.

"Maigida, ba ka ga jan kallabina ba? A igiya na shanya shi."

"Ina fama da injin kina yi mini zancen kallabi!"

Ranar Asabar ya kwance nozul huɗun nan ya wanke su tas, ya ce yanzu ya kama ɓarawon. Maƙwabcinsa Zailani tela, wanda duk saninsa da mota bai wuce hawa ba, ya zo ya tsuguna yana kallo.

"Ni dai ban san aikin ba," in ji shi, "amma kamar numfashi take nema. Ka duba wajen iskar?"

Badaru ya dube shi sheƙeƙe. "Filta sabuwa ce, da hannuna na sa ta. Ka ji da keken ɗinkinka."

Ya shige ƙarƙashin mota. Yana can ya ji wani ya tsaya a kansa yana magana, ya ce "To, to," bai ma san me aka ce ba. A ransa kuwa tsoro ne fal. Ya san Inna Shatu ba za ta jira shi ba, amma ya ga in ya tura Iya tasha yanzu, ya gama zubar da kansa a unguwa. Sai ya ƙara ɗaure fuska ya kama kwance famfon mai.

Lahadi da hantsi ya mayar da komai, ya kunna, ya kafa sukundireba ya lumshe ido. Injin na ta kakari, shi kuma bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Kulu ta kawo masa koko ta ajiye.

"Ni fa na tuna," ta ce. "A hannunka na ga kallabin nan, ranar da kake wanke mota."

Badaru ya buɗe ido a hankali. Ya tuna shi ma. Kowane makanike in zai wanke injin yakan toshe bakin bututun iska da tsumma don kada ruwa ya shiga. Ran nan bai ga tsumma a kusa ba, ya fizgo abin da ke kan igiya ya cusa. Ya zura hannu har gwiwa, ya zaro shi a ƙudundune, ya yi baƙi ƙirin. Nan take injin ya saki jiki ya koma bugawa lafiya lau. Zailani na bakin shagonsa, ya dai sunkuyar da kai yana ta zura zare a allurar da ke da zare.

Badaru ya ruga cikin gida yana kiran Iya ta fito. Ɗakinta a rufe.

"Ai tun jiya ta bi motar kasuwa," in ji Kulu. "Ta yi maka sallama kana ƙarƙashin mota, ka ce to."

Motar ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Ya isa Babban Mutum ana jere da tabarmi a ƙofar gida, maza sun dawo daga maƙabarta, wasu har suna juyowa suna yaba ƙyallin motar. Ya sami Iya a ɗakin da ya yi wayo, tana zaune da carbi.

"Iya, kin same ta?"

"Na same ta. Mun yi hira, mun yafi juna." Ta ja carbinta. "Sau uku tana tambayarka."

"Me kika ce mata?"

"Na ce kana sauraron mota."

Badaru ya durƙushe a bakin ƙofa. Ya lalubi aljihu zai share ido, abin da hannunsa ya zaro shi ne kallabin Kulu.