Minti Goma a Gaban Bakwai

"Wa kika bar wa Bakwai?" Inna ta tambaye ni tun ban ajiye jakata ba.

"Inna, sha maganin tukuna."

"Ba zan sha ba. Na ce wa kika bar wa?"

'Yarta na tsaye da cokali a hannu, tana min kallon ki-taimake-ni. Na ce ban san ko wace ce ba, an kaɗa ƙararrawa na fito.

"Kin fito," in ji Inna. "Kamar wadda ta yi sata."

Inna ba ita ta haife ni ba. Bango ɗaya ne ya raba ɗakunanmu, kuma ita ta kama hannuna ta kai ni masaƙa lokacin da mijina ya rasu. Shekara talatin da ɗaya ta yi a kan injin saƙa mai lamba bakwai, da ƙafafunta suka fara kumbura ni na gaje shi. A gaban idonta kamfanin ya canza suna sau huɗu. Takan ce kowane sabon manaja da nasa kalar fenti yake zuwa, ya shafa ya tafi, amma babu wanda ya taɓa yin gangancin taɓa minti goma.

Minti goman nan na miƙa aiki ne. Ƙarfe biyu na rana, mai tashi ba ta tafiya sai mai karɓarta ta zo ta tsaya kusa da ita. Ki gaya mata yau zare na tsinkewa ta hagu, bel ya ɗan saki, in injin ya fara wannan tarin nasa ki rage masa gudu. Babu takardar da ta ce a yi haka. Mun tarar ana yi, muka ci gaba.

Bara aka kawo mana wani mai kwat da ɗan agogo a tafin hannu, muka sa masa Mai Agogo. Sati biyu yana binmu yana dannawa, saura kaɗan ya bi mu banɗaki. Daga ƙarshe ya gano mana cewa mutum biyu a kan inji ɗaya ɓata lokaci ne. Aka raɗa wa abin suna sabon tsari: masu tashi su fita ta ƙofar baya, masu shiga ta gaba, kada a haɗu. In kina da magana, ga fom mai akwati uku: lafiya, da matsala, ya tsaya. Wadda ta ƙara minti ɗaya bayan ƙararrawa, takardar gargaɗi. Ta uku kuwa sallama ce. Ina da biyu a ƙarƙashin katifa, ina da 'ya'ya uku a makaranta. Sai na koyi fita da sauri, ina tafiya ina jin kunyar kaina.

"To a wane akwatin za ki sa tarin Bakwai?" Inna ta ce, tana numfashi da ƙyar. "Shi wannan Mai Agogon yana ganin kamfani hoto ne a bango, an ɗauka an gama. Mu da muka tsufa a ciki mun san kullum ƙarfe biyu ake sake ɗaura shi, hannu da hannu."

"Inna, korata za su yi fa."

"Na sani. Ni ban ce ki tsaya ba. Amma kada ki shigo min ɗaki ki ce kin tashi daga aiki. Ki ce kin gudo."

Maganar ta ƙona min rai. Kwana biyu ban leƙa ta ba, ina jin tarinta ta bango ina taurin kai. A rana ta uku, da hantsi, ranar hutuna, 'yarta ta buga bangon da ƙarfi.

Na tarar Inna ta sa an jingina ta da filo biyu, ta ɗaura ɗankwalinta tsaf kamar mai shirin fita.

"Zauna in miƙa miki aiki. Lokacin tashina ya yi."

"Haba Inna, daina irin wannan magana."

"Ke, minti goma ne, kada ki cinye min su da kuka." Ta nuna taga da haɓa. "Waccan sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Famfon tsakar gida, kada a matse shi da ƙarfi, zuba zai yi. Wannan kuma," ta kalli ƙofar da 'yarta ta fita, "in kin ga ta yi shiru tana goge-goge, kuka take yi. Kada ki tambaye ta komai. Ɗauki tsumma ki taya ta."

Ta huta, ta daɗe. Sannan ta yi min tambayar da ake rufe miƙa aiki da ita a masaƙa.

"Kin karɓa?"

"Na karɓa, Inna."

"To miƙo min ruwa."

Kafin rana ta take tsaka ta cika. Allah ya jiƙanta, ko a nan ba ta bar aiki a warwatse ba.

Ranar da na koma aiki, ƙarfe biyu ta buga, mata suka yi ƙofar baya. Ni na tsaya. Sai ga wata doguwar mata mai gilashi ɗaure da zare ta nufo Bakwai. Wata bakwai muna raba inji ɗaya da ita, ban taɓa ganin fuskarta ba.

"Au, ke ce ta safe?" ta ce. "Wallahi kullum sai na zage ki a raina. Zaren hagu ya kusa haukata ni."

"Ba laifina ba ne, halinsa ne. Matso in nuna miki."

Ban kai ƙarshen magana ba shugaban sashe ya iso da littafinsa.

"Baiwar Allah, kin san wannan ce ta uku?"

"Na iya ƙirga. Ka dai rubuta sunana daidai, wancan karon ka ɓata shi."

Ya tsaya yana jira ko zan roƙe shi. Da ya ga babu alama, ya rubuta, ya yage, ya miƙo. Na ninke takardar na cusa a aljihun rigar aiki, na kama hannun matar na ɗora a gefen injin, inda ƙarfen yake da ɗumi.

"Jira," na ce. "Yanzu zai yi tarin nasa."

Ta sunkuyar da kai ta kasa kunne. Muka tsaya haka mu biyu, ƙurar auduga na sauka a hankali a kan gilashinta.