Giris a Maƙogwaron Motar Madugu

Ranar da Chékaraou ya kawo sabuwar motarsa garejinmu na unguwar Hajara a Sabha, tun daga bakin titi ya fara danna ham, don kowa ya ɗago kai ya ga madugu ya iso. Shi ke jan ayarin motocin da ke tashi daga unguwar Jadid zuwa Agadas, kuma ba shi da abin taƙama a duniya da ya wuce wannan gaban da yake shiga. Shekarun nan ne da Libiya ta buɗe wa baƙar fata ƙofa, duk inda ka juya a Sabha taswirar Afirka ce, hanya kuwa maƙil da fasinja. Matasan direbobi sun fara ƙus-ƙus cewa tsohon ya gaji, gara a bai wa Soumaïla gaba, wanda a da shi ne karen motarsa. Don ya toshe bakinsu ne ya sayar da akwalarsa ya sayo wannan mai kwamfuta.

Kukansa ɗaya ne: wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a bayan sitiyari, tana zubar masa da girma a idon fasinja.

Na jona na'urar binciken inji, ta nuna lambar matsala P2004. Na yi masa bayani da Hausar da ko akuya za ta gane. A bututun da iska ke bi ta shiga inji akwai wasu 'yan marafai. Idan mota na tafiya a hankali sukan karkata su rage hanya, inji ya samu ƙarfin ja; idan ta ɗauki gudu su buɗe. Nasa sun maƙale a buɗe. A kan kwalta ba zai ji komai ba, amma ranar da ya shiga rairayi, gwiwar motar za ta yi sanyi.

Na'ura ba ta faɗin dalili, sai mutum ya bi da hannu. Na duba wayar lantarki, lafiya lau. Na duba siririn tiyon da ke jan marafan, babu huji. Na tura sandar da ke juya su da yatsa, ta ƙi ko motsi. Da na buɗe akwatin matatar iska sai na ga abin takaici: an lafta giris a bakin bututun kamar ana shafa wa yaro man kaɗanya. Zafi ya narkar da shi, inji ya zuƙe, ya haɗu da yashi ya zama kwaɓaɓɓen siminti a kan marafan.

Na ce, “Baba, wa ya yi wannan aika-aikar?”

Ya gyara rawani. “Ni na shahwa shi da hannuna, Muƙaddas. Tun ba a haihe ka ba muke sa giris shi kama rairai. Mi na'urarka ta sani ga hamada?”

Gaskiya ne, dabarar tsofaffin direbobi ce, kuma ta yi wa akwalarsa amfani, don ita cikinta fayau yake kamar bututun rijiya. Na ce ya bar mini motar wuni guda in kwance bututun in wanke. Nan fa ya hau sama. Wai in buɗe wa sabuwar mota ciki a bainar jama'a, labari ya kai Jadid kafin la'asar, yaran Soumaïla su samu abin dariya? Shi dai in kashe masa fitila kawai. Na goge lambar, bai kai ga kwanar titi ba fitilar ta dawo. Sai ya shiga shagon da ke kusa ya sayo sitika mai taswirar Afirka, koriya shar, ya manna a kan fitilar. Ya ce da ni fan ta ƙare, wato gyara ya kammala. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma motarsa ce.

Ranar Alhamis ayari ya tashi, shi a gaba. Abin da ya faru bayan garin Gatrun fasinjoji ne suka ba ni labari. A tudun rairayi na farko motar ta yi gurnani ta zauna. Aka sassauta iskar taya, aka haƙa, aka tura, ta sake zama. Motoci suka yi cirko-cirko a bayansa cikin rana, mata da yara na shanye ruwan guzuri. Daga ƙarshe Soumaïla ya zagaye shi, ya kwashi fasinjojinsa ya rarraba, ayari ya bi sawun tayarsa. Babbar motar dabino ce ta jawo madugu zuwa Sabha da igiya.

Wannan karon da ya iso gareji bai danna ham ba. Na kwance bututun, na wanke da fetur da buroshi, marafan suka koma motsi da ɗan yatsa. Na ɓare sitikar, fitila a mace. Na ce masa yanzu motar za ta hau kowane tudu.

Ta hau ɗin kuwa. Da ayari na gaba zai tashi na je Jadid kai wa wani batir, na tarar da shi ya iso kafin kowa, ya faka a gaba, inji na kaɗawa sumul. Direbobi suka gaishe shi da ladabi, kowa da “Baba, ina kwana.” Sannan Soumaïla ya tayar, suka zagaye shi ɗaya bayan ɗaya. Ya jira har ta ƙarshe ta wuce, ya ɗaga gilashi saboda ƙura, ya bi bayansu.