Barimar Ammu

Ƙarya ɗaya Bithi ta yi kafin su bar Dhaka, ita ma a ganinta ba wata babba ba ce. Ta ce wa uwarta banki ne ya tura ta kwas Chittagong, mijinta Mainul kuma zai raka ta. Gaskiyar magana tsibirin Saint Martin suka nufa, su sha iska kwana biyu, ba yarinya, ba aiki, ba hayaƙin motocin unguwarsu ta Mirpur.

Me ya hana ta faɗin gaskiya? To, Ammu ce, wato Mama a yarensu. Hosne Ara, uwar Bithi, tun da mijinta ya rasu take zaune a gidansu. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce rainon Tuli, 'yar Bithi ɗaya tilo. Kuma Ammu, baiwar Allah, ba ta taɓa ganin teku ba. Marigayin ya yi ta yi mata alkawari har ya koma ga Mahaliccinsa bai cika ba. Da Bithi ta ambaci teku, dole a ce, "Ammu, zo mu je." In kuwa aka tafi da ita, an tafi da farin sari irin na matan da miji ya rasu da carbi da ajiyar zuciya ke nan. Wace mace ce za ta riƙe hannun mijinta a bakin ruwa uwarta na zaune a bayanta cikin fararen kaya? Sai Allah ya kawo sauƙi, Ammu da kanta ta ce za ta je Feni wajen ƙanenta ta kwana biyu. Aka kai Tuli gidan gwaggonta, aka rufe gida.

Motar dare ta sauke su Teknaf, jirgin ruwa ya ƙarasa da su. Masaukin da Mainul ya kama ɗakunan gora ne jere a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, kowanne da lilon raga a ƙofa. Bithi ta ci shinkafa da soyayyen kifin koral har sai da ta sassauta ɗaurin wandonta, ta yi barcin da rabonta da irinsa tun kafin ta haihu. Ko sau ɗaya uwarta ba ta faɗo mata a rai ba, wannan kam sai a faɗa.

Washegari da hantsi tana kwance cikin lilo, ɗanyar kwakwa a hannu, sai ta hango wasu mutum biyu a cikin ruwa. Ruwan ya kai musu gwiwa. Namijin ya naɗe lunginsa, zanen da mazan ƙasar ke ɗaurawa, kansa fari fat, hannu ɗaya riƙe da takalman mace, ɗayan riƙe da macen. Ita kuwa jan sari ne a jikinta, ya jiƙe sharkaf. Duk igiyar ruwan da ta taho sai ta ƙwala ihu ta ƙanƙame shi, in ta wuce kuma ta fashe da dariya.

Bithi ta zunguri mijinta da ƙafa. "Kai, kana gani? Dubi tsofaffin can. Wallahi duniya ta lalace. Jikoki na gida, su suna nan suna amarci."

Mainul ya ɗaga kai ya duba. Bai yi dariya ba. Ya mayar da ido kan kwakwarsa, ya ce rana ta fara zafi, ko su shiga ciki.

"Ina za ni? Ga kallo kyauta."

Dariyar matar ba ta gaya wa Bithi komai ba, don ba ta san ta ba. Sai da matar ta fito kan yashi, ta sunkuya, ta kama bakin sarinta ta murɗa sau biyu, ta yarfe, ta sake murɗawa ta ɗaya gefen. Haka ake matse kayan makarantar Tuli kullum a gidansu. Kwakwar ta suɓuce daga hannun Bithi, ruwan ya malale mata a ƙafa ba ta ji ba.

"Innalillahi," ta ce. "Mainul. Mainul!"

Ba ta san yadda ta sauko daga lilon ba, ta dai tsinci kanta tsaye a gabansu ba takalmi. Matar ta ɗago, dariyar ta tsaya cak. Suka tsaya suna kallon juna, uwa da 'ya, baki a buɗe.

Hosne Ara ce ta fara samun harshenta. "Nan ne Chittagong ɗin?"

"Nan ne Feni?" in ji Bithi.

Sai a lokacin ta dubi namijin, ta sake yin salati. Baffa Mokbul ne! Mai kemis ɗin da ke ƙasan benensu, wanda matarsa ta rasu tun Bithi na budurwa, wanda Ammu ke sauka wajensa duk mako awon hawan jini. Hawan jini! Dattijon ya yi sauri ya saki lunginsa ya rufe gwiwoyinsa, ya yi mata sallama kamar a kanti suka haɗu, takalman nan dai suna hannunsa suna ɗigar da ruwa.

Abin da ya fara zuwa wa Bithi a rai, Allah ya yafe mata, mummuna ne. Uwarta da namiji a tsibiri, ba kowa nata. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai rana ta haska wani ɗan abu a gefen hancin Hosne Ara. Barima ce ta zinariya mai farin dutse, ƙarama, ba ta fi ƙwayar gero ba.

Bithi ta san barimar nan. Ranar da Abbu, mahaifinta, ya rasu, tun ba a fita da gawa ba, gwaggwanninta suka zaunar da Ammu a tsakar ɗaki, suka zare mata awarwaro, suka kwance barimar daga hancinta. Bithi ce aka miƙa wa, ita ta ƙulle ta a ƙyalle da hannunta. A wajensu mace ba ta sa barima a hanci sai tana da miji a raye. Wannan ko Tuli ta sani.

"An ɗaura," in ji Hosne Ara a hankali. "Kawunki na Feni shi ya tsaya mini. Kada ki bari zuciyarki ta ɗauki alhakina."

Mainul, wanda ya biyo baya yana sosa ƙeya, ya gaida surukarsa, ya kama Baffa Mokbul ya ce su je su ga ko masunta sun fito da kifi. Dattijon ya bi shi da sauri har yana tuntuɓe, ya manta bai ajiye takalman ba.

Matan suka zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife a inuwa. Bithi ta ƙura wa teku ido, don ba ta iya kallon jan sarin nan. Haushi take ji, da kunya, da wani tsoro da ba ta san sunansa ba.

"Aure, Ammu? Da furfurarki? Abbu fa?"

"Babanki na yi masa takaba, na ƙara da shekaru a kai. Kullum yana cikin addu'ata."

"Mutane fa? Dangin Mainul, me zan ce musu? A banki in aka ji? Kuma Tuli wa zai..." Ta haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana, mamana," in ji uwar. "Wa zai ɗauko ta daga makaranta."

"Ba haka nake nufi ba!"

Haka take nufi, ta kuma san uwar ta sani. Sai haushin ya ƙaru. Ta juyo, amma idonta a kan yashi yake.

"Ki ji ni da kyau. Abin da ya faru ya faru. Amma kafin mu hau jirgi ki cire abin nan daga hancinki, ki mayar da farin sarinki. Mu koma gida yadda muka fito, daga baya a san yadda za a yi. Ba zan yarda mutanen unguwa su gan ki da shi ba."

Hosne Ara ta ce, "Waɗanne mutane?"

"Kowa! Matar mai gidan da muke haya, mai kawo madara, kowa."

"Ai sun gani."

"Sun ga me?"

"Matar mai gida har alewa ta kawo mini. Mai madara ya ce Allah ya sa alheri. Bithi, tun bayan ƙaramar sallah barimar nan take hancina. Jan sarin ne kawai yau na fara sa shi."

Bithi ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Haba, Ammu. A gidana? Ina ciki?"

"A gidanki, kina ciki. Hujin ma ya toshe, sai da aka sake huda shi, hancina ya kumbura ya yi kwana da kwanaki. Ni bakina ba zai iya ce wa 'yar cikina na yi aure ba, kunya ba za ta bar ni ba. Sai na ce bari in sa, in ta gani za ta tambaye ni, in ta tambaya na faɗa. Ranar farko na yi miki dal da bharta, miyar wake da daƙaƙƙen ganda irin wanda kike so, na zauna dab da ke a tebur, zuciyata kamar ta fito. Kika cinye kina duba waya, kika ce gishiri ya ɗan yi yawa."

"Ƙarya ne," in ji Bithi, amma da ƙyar maganar ta fito.

"Washegari na sake zama. Da jibi. Shi kuma bawan Allah yana ƙasa yana jira, don na ce masa ba zan sauko gidansa ba sai 'yata ta sani. Da jiran ya yi yawa ne ya ce to, ko teku in kai ki ki gani."

Bithi ta miƙe zumbur ta ƙwala wa mijinta kira. Mainul ya taho yana jan ƙafa, kamar ɗalibin da aka kira ofishin shugaban makaranta.

"Ka san da wannan?"

"To... na ga barimar dai."

"Yaushe?"

"Tun tuni. Ranar da aka sa, ina jin."

"Ka gani ka yi shiru?"

"Ni fa na ɗauka kin gani, fushi kike yi shi ya sa ba kya maganar. Ina ni ina shiga tsakanin uwa da 'ya? Kuma ai Tuli ta gaya miki a gabana. Ta ce, 'Ammu, kakata ta yi tauraro a hanci.' Kika ce, 'Iye, madalla, je ki wanke hannu.'"

Ta tuna. Wallahi ta tuna, har da inda take tsaye, a bakin ƙofa tana cire takalmi, waya maƙale a kafaɗa. Ta koma kan kwale-kwalen ta zauna daɓas.

"Je ka abinka, babana," Hosne Ara ta ce wa surukinta. Ya tafi, bai jira an maimaita ba.

Uwar ta gyara mayafin sarinta, ta kai yatsu biyu kan barimar, ta kama ɗan maƙallin da ke ciki.

"Ba ni da wata 'ya bayan ke. In kin ce in cire, zan cire, in koma sama in ci gaba da dafa muku shinkafa, shi kuma in ba shi haƙuri. Abu ɗaya na roƙe ki. Ki dube ni ki faɗa. Ba yashi ba, ni."

Bithi ta ɗago. Ta yi niyyar faɗa, maganar na kan harshenta. Amma da ta duba, sai ta ga fuskar da ba ta sani ba. Girar ta yi fari. Akwai wani tabo a goshi, ga alama na fantsamar mai ne, ya warke tuntuni. Fatar wuyan ta saki. Ga gishirin teku ya bushe a kumatu, ga kwalli a ido, kuma matar nan kyakkyawa ce, abin da Bithi ba ta taɓa tsayawa ta lura ba. Da leɓen uwar ya motsa, sai ta hango giɓi a gefen hagu.

"Ammu, haƙorinki fa?"

"Bara aka cire. Ya hana ni barci wata guda." Ta ɗan yi murmushi. "Shi ya raka ni wajen likita. Kina da taro ranar."

Yatsun suka fara murza maƙallin. Bithi ta cafke hannun da hannayenta biyu, ta janye shi daga hancin, ta riƙe gam. Hannun ya yi kaushi, duk kanta. Ta kifa goshinta a kansa ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka fita da Abbu, masu hayar keke na wucewa suna waiwaye ba ta damu ba.

"Bar shi," take cewa. "Bar shi, Ammu, bar shi."

Uwar ta sa ɗaya hannun tana shafa mata kai, jiƙaƙƙen sarin yana ɗiga a kan ƙafafunsu.

Da kukan ya lafa Bithi ta share fuska da gefen mayafinta. Can nesa, wajen masu kifi, Baffa Mokbul na tsaye a rana, ya rasa gaba ya rasa baya, takalman matarsa a ƙirji. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗaga hannu.

"Baffa!" ta kira, muryarta a dishe. "Kawo mata takalmanta mana, yashin nan da zafi."