Hajo da Ƙwan Fitilar Landiroba

Da Malam Ummaru, malamin gona na Bakori, ya rasu a daminar 1984, Landirobarsa ta faɗo cikin rabon 'ya'yansa uku. Matarsa Hajo, malamar firamare, tana fita takaba ta ɗauki makulli ta ci gaba da tuƙi, don tun yana raye ya koya mata. Abin ya tsaya wa yayan marigayin, Alhaji Maitama, a rai. Da ya ji fitilar hagu ta mutu, fitilun hazo na ƙasa ma sun daina kamawa, sai ya aiko cewa a ajiye motar, ya samo mai saye.

Ranar Asabar da hantsi Hajo ta tuƙa ta zuwa Funtuwa, ta tsaya ƙofar shagon Donatus mai kayan gyaran mota. Ba ta gama gaisawa ba sai ga Alhaji ya sauko daga tasi, yana gyara babbar riga.

"Hajo, ba na ce a ajiye motar nan ba?"

"Ka ce, Yaya. Na ji."

Ta juya ga mai shago. "Ƙwan babbar fitila biyu, da na fitilun hazo biyu."

Donatus, wanda haifaffen Funtuwa ne, ya ɗauko wani kwali mai sheƙi. "Malama, ga mai wat ɗari. Direbobi rububinsa suke, haskensa kamar rana."

"Wayar motata ba za ta ɗauke shi ba, narkewa za ta yi. Ga shi zai kashe wa direban da ke tahowa gabana ido. Ba ni mai wat sittin a babban haske, hamsin da biyar a ƙarami." Ta kwance bakin gyalenta ta fito da mataccen ƙwan. "Irin wannan, mai ƙafa uku."

"Ai na fitilar dama lafiyarsa lau," in ji Alhaji. "Kin gani? Ba ki san komai ba sai ɓarna."

"Tare aka sa su, Yaya. Wanda ya rage ma ya gaji. In na canja ɗaya, motar za ta zama mai ido ɗaya da rabi."

Na hazo kuwa ta ce sai rawaya, don farin haske dawowa yake cikin idon direba idan ruwa ya tsuge a hanyar Malumfashi. Donatus ya daɗe yana tonon kwalaye kafin ya samo.

Alhaji ya matso, ya rage murya. "Mutane suna magana. Mace da mota, ba namiji a gida."

"Wanda ya damu ya zo ya riƙa kai Iya asibitin Malumfashi duk wata. Mahaifiyarka ce, wata biyar ni nake kai ta."

Hajo ta buɗe bonet, ta naɗe hannun riga, ta riƙe ƙwan da ƙyalle don kada yatsa ya taɓa gilashin. Masu faci da 'yan tasha suka kewaye ta suna kallo. Na farko ya ƙi zama, ta zare, ta juya shi, ya shiga. Da ta gama duka huɗun ta shiga ta kunna, Donatus ya leƙa gaba ya ɗaga mata hannu.

Ta leƙo ta taga. "Yaya, Bakori na nufa. In za ka, bismilla."

Ya ce yana da sauran uzuri a kasuwa. Ta ce to, a sauka lafiya, ta sa giya ta hau titi.